Janyewar Dasashi: Tsakanin Wuƙar Likita da Aswakin Ɗalibi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin bakin kogi a ƙasar Gwaram bayan ɗaukewar damina ya san irin bishiyoyin nan da ke tsaye a kan gaɓa, waɗanda ruwa ya kwashe ƙasar gindinsu ya bar saiwoyinsu a fili. Ganyensu kore shar, har makiyayi ya zauna a inuwarsu bai ga wani aibi ba. Amma manomin wurin ya san cewa kowace damina ruwa zai ƙara cin gaɓar, kuma ranar da iska mai ƙarfi ta taso, bishiyar za ta kwanta.

Wannan hoto ne ya faɗo mini a rai lokacin da wani abokina, malamin makarantar sakandare a wannan yanki, ya ba ni labarin abin da ya same shi. Mutum ne da bai cika shekara arba'in ba, mai tsabta ƙwarai, wanda da wuya ka gan shi ba aswaki a bakinsa, haƙoransa kuwa fari fat. Sai ga shi a lokacin hunturu ba ya iya shan ruwan randa, kurkure baki wajen alwalar asuba ma ya zame masa azaba. Ya ɗauka tsutsa ce, ya sayi magani a kasuwa ya ɗiga, bai ji sauƙi ba. Da ya je asibiti, likita ya duba bai sami rami ko ɗaya ba. Abin da ya gani shi ne dasashin fiƙoƙinsa na sama ya ja baya, saiwa ta fito. Ya kuma shaida masa cewa akwai tiyatar da ake yanko ɗan nama daga ganɗa a ɗinka a wurin, sai dai ya tafi babban birni neman mai yin ta. Abokin nawa ya dawo yana mamaki, yana cewa: "Malam, ashe yanzu har a cikin baki ana dashe?"

Lalle ana yi, kuma aiki ne ingantacce wanda ya kamata ɗalibin kimiyya ya san yadda yake. Amma ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa wa hujja a wannan maƙala, shi ne cewa makomar dasashin mutanen Birnin Kudu da Gwaram tana hannun malaman makaranta da ɗalibansu fiye da yadda take a hannun likitan tiyata. Dalili kuwa shi ne dashen yana gyara wani kashi ne kawai na matsalar, ba ya kawar da sababinta, kuma ga mafi yawan waɗanda suka makara ba ya yiwuwa sam.

Yadda Haƙori Yake Kafe

Kafin mu shiga maganar tiyata, ya kyautu mai karatu ya san ginin da ake gyarawa. Babban mutum yana da haƙora 32, kuma kowannensu kashi biyu ne: kan da muke gani, da saiwar da ke binne cikin ƙashin muƙamuƙi. Kan haƙori yana lulluɓe da wani farin ɓawo wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam. Saiwa kuwa ba ta da wannan ɓawo. Abin da ya rufe ta wani siririn shafe ne da masana suke kira siminti, wanda gogayya kaɗan takan cinye shi. A ƙarƙashinsa akwai ainihin jikin haƙori, mai ɗauke da dubban ƙananan kafofi cike da ruwa, waɗanda suka miƙe har zuwa jijiyar da ke tsakiya.

Dasashi shi ne katangar da ta rufe ƙashi da saiwa, ya kuma naɗe wuyan kowane haƙori kamar wuyan riga. A baki mai lafiya, ɗan lungun da ke tsakanin dasashi da haƙori bai wuce zurfin milimita 1 zuwa 3 ba. Idan dasashi ya ja baya, simintin saiwa ya goge, kafofin nan sukan buɗe. Da zarar ruwan sanyi, ko iskar hunturu, ko wani abu mai tsami ya taɓa wurin, ruwan da ke cikin kafofin yakan motsa ya zunguri jijiya, sai mutum ya ji wani zogi kamar an soka masa allura. Wannan shi ne abin da abokina ya ɗauka tsutsa ce. Daɗin daɗawa, saiwar da ta fito ta fi kan haƙori saurin ruɓewa, domin ba ta da sulke.

Abu mafi muhimmanci da ya kamata a riƙe shi ne: dasashin da ya janye ba ya komawa mazauninsa da kansa. Babu man goge baki, ko saiwar itace, ko maganin kasuwa da zai sa ya tsiro. Duk mai tallar da ya ce yana da irin wannan magani, kuɗinka yake nema.

Hanyoyi Biyu, Masauki Ɗaya

Me ke sa dasashi ya janye? Akwai wani bincike mai tsawo da ya ba da amsa mai gamsarwa. Wani masanin haƙori mai suna Harald Löe da abokan aikinsa sun bi diddigin rukuni biyu na maza har tsawon shekara ashirin. Rukuni na farko ɗalibai ne da malamai a birnin Oslo na ƙasar Norwe, waɗanda aka fara dubawa a 1969, mutane masu goge baki kullum da ziyartar likita a kai a kai. Rukuni na biyu leburori ne a gonakin shayi na ƙasar Siri Lanka, waɗanda aka fara dubawa a 1970, ba su san buroshi ba balle likitan haƙori. Da aka fitar da sakamakon a 1992, sai aka ga abin mamaki: dukkansu dasashinsu yana janyewa. A Norwe, kimanin kashi 60 cikin 100 na 'yan shekara 20 sun riga sun fara, kuma fiye da kashi 90 na waɗanda suka kusa shekara 50 suna da shi. A Siri Lanka kuwa, kafin su kai shekara 40 babu wanda ya tsira.

Sai dai janyewar ba iri ɗaya ba ce. Ta mutanen Norwe ta fi yawa a fuskar haƙori ta wajen leɓe da kumatu, watau inda buroshi yake bi, kuma ƙashin da ke tsakanin haƙora yana nan. Ta mutanen Siri Lanka kuwa ta zagaye haƙorin ne gaba da baya da tsakani, domin cuta ce ta cinye ƙashin. Ke nan hanyoyi biyu ne: hanyar yawan dirza, da hanyar rashin tsabta.

Hanyar rashin tsabta ga yadda take. Kullum wata dauɗa mai danƙo takan taru a wuyan haƙori, kuma mafi yawanta ƙwayoyin cuta ne na bakteriya. Shi dai Löe ɗin nan, tun a 1965 a ƙasar Denmak, ya sa wasu masu lafiyayyen baki suka daina goge haƙora baki ɗaya. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashin kowannensu ya kumbura ya yi ja. Da suka koma gogewa, cikin kamar mako guda ya warke sarai. Wannan mataki na farko ke nan, wanda ake iya juyawa. Idan aka ƙyale dauɗar, takan daskare ta zama tsatsa mai tauri kamar dutse, wadda aswaki da buroshi ba sa iya cire ta. Daga nan kumburin yakan nutsa ƙasa ya riƙa cin ƙashi a hankali, galibi ba tare da wani zafi ba, har haƙora su fara girgiɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2022, ta ƙiyasta cewa wannan cuta a matakinta mai tsanani ta kama kimanin kashi 19 cikin 100 na manyan mutanen duniya, watau fiye da mutum biliyan ɗaya. Shan taba da ciwon sukari suna ƙara mata gudu.

Abin lura a nan shi ne mu a ƙasarmu muna bin hanyoyin biyu a lokaci guda, wani lokaci ma a baki ɗaya. Za ka ga mutum ya dirje haƙoran gaba har dasashinsu ya zaizaye, alhali turamen baya da bayan haƙoran ƙasa, inda idon mutane ba ya kaiwa, tsatsa ta yi musu katutu. Muna wanke abin da ake gani ne, muna barin inda cutar take.

Aswaki Ba Shi da Laifi

Kada mai karatu ya ɗauka ina sukar aswaki. Sunna ce mai daraja, kuma kimiyya ta tabbatar da amfaninsa: gwaje-gwaje da dama sun nuna cewa idan an yi shi yadda ya kamata, yana kawar da dauɗar haƙori kamar yadda buroshi yake yi. Ga shi kuma da araha, domin darbejiya da marke da ƙirya suna ko'ina a yankinmu. Amma bincike da aka yi a ƙasar Saudiyya a farkon shekarun 1990 ya gano cewa masu yawan amfani da aswaki sun fi masu buroshi samun janyewar dasashi a fuskar haƙoransu ta waje. Laifin na hannu ne da na al'ada.

Dubi yadda muke yi. Mutum zai karyo busasshen icce, bai tauna shi ya yi laushi ba, ya riƙe shi da dunƙulallen hannu, ya riƙa ja da turawa a kwance kamar kafinta da zarto. Wani kuma zai bar shi a bakinsa tun daga fitowa gida har ya isa kasuwa, yana gurzar haƙora huɗu ko shida na gaba. Wasu sukan haɗa da gawayi ko toka ko gishiri don neman fari. Masu buroshi ma ba su tsira ba, domin da yawa daga cikinmu mai tauri muke zaɓa a kanti, muna ganin mai laushi na yara ne. Hausawa sun ce garin neman gira a rasa ido. Dauɗar da ake son cirewa laushi gare ta, shafa kaɗan take bukata. Abin da ya ƙi fita da shafa kuwa, dirza ba ta fitar da shi, sai na'urar likita.

Akwai kuma waɗanda Allah ya halicce su da siririn dasashi, ko haƙorin da ya turo waje daga layi, wanda ƙashin da ya rufe saiwarsa bai fi kaurin takarda ba. Irin waɗannan su ne suka fi saurin samun matsala, musamman a fiƙoƙi da haƙoran gaba na ƙasa.

Yadda Ake Dashen

Ɗaliban aikin gona sun san yadda ake yi wa mangwaro aure: a yanko reshen iri mai kyau, a fere, a haɗa shi da jikin wata bishiya, a ɗaure tam har su zama ɗaya. Dashen dasashi ɗan'uwan wannan ne, sai dai a nan jikin mutum ɗaya ne yake ba da reshen kuma yake karɓa, saboda haka babu fargabar jiki ya ƙi shi.

Aikin ya yi tafiya mai tsawo kafin ya kai inda yake yau. A 1956 wasu likitoci biyu a Amurka, Grupe da Warren, sun bayyana yadda za a zamo dasashin haƙorin maƙwabci a rufe saiwar da ta fito, ba tare da an yanke shi daga tushensa ba. A 1963 wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Björn ya nuna cewa ana iya yanko ɗan yanki daga wani wuri a baki a ɗinka shi inda ake bukata. Wannan hanya tana ƙara kauri da ƙarfi, amma sau da yawa launin facin yakan fi na kewayensa haske, ya fito kamar facin riga. A 1985 kuma Langer da Langer suka kawo hanyar da har yau ita ce ma'aunin sauran: maimakon a ɗauko saman fatar ganɗa, sai a ɗaga ta kamar murfi, a zaro naman da ke ƙarƙashinta, a mayar da murfin a ɗinke.

Ga yadda aikin yake gudana a taƙaice. Likita zai fara kankare tsatsa ya tabbatar babu kumburi a bakin. Ranar tiyata zai yi allurar kashe zafi a wurin kawai, mutum yana farke. Zai goge saiwar da ta fito ta yi sumul, ya ɗaga dasashin da ke kewaye da ita, ya zaro naman ganɗa wanda kaurinsa bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, ya shimfiɗa shi a kan saiwar, sa'an nan ya jawo dasashin ya lulluɓe shi, ya ɗinke da siririn zare. Bayan mako ɗaya ko biyu a cire zaren. Ganɗa kuwa takan cike gurbinta da kanta cikin 'yan makonni, kodayake ita ce ta fi damun majiyyaci da raɗaɗi a kwanakin farko.

Abin da ya fi ban sha'awa ga ɗalibin kimiyya shi ne yadda wannan ɗan nama yake rayuwa bayan an raba shi da jijiyoyin jininsa. A kwana biyu ko uku na farko, yana tsotsar ruwan jinin da ke tsattsafowa daga naman da aka kwantar da shi a kai, kamar yadda soso yake shan ruwa. Daga nan sai ƙananan jijiyoyin jini su fara miƙowa daga gefe da ƙasa suna shiga cikinsa, kuma kafin mako biyu jini ya ci gaba da zagayawa a ciki. Nunar aikin sosai takan ɗauki mako shida ko fiye. Shi ya sa ake hana majiyyaci goge wurin, ko jan leɓe don ya leƙa, ko tauna goro da rake da ƙashi. Motsi kaɗan yakan tsinke sababbin jijiyoyin, facin ya mutu. Shi ya sa kuma aikin ba ya yi wa mai shan taba kyau yadda yake yi wa wanda ba ya sha, domin taba tana matse jijiyoyin jini.

A yau akwai kayan da ake sayarwa don a huta da yankan ganɗa. Wasu daga fatar ɗan Adam aka sarrafa su, wasu kuwa daga jikin alade. Haƙƙin majiyyaci ne ya tambayi likita asalin abin da za a sa masa, kuma wajibin likita ne ya faɗa masa gaskiya. Abin farin ciki shi ne naman ganɗar mutum da kansa har yanzu shi ne ya fi ba da sakamako mai ɗorewa.

Inda Wuƙa Take Tsayawa

Yanzu mu zo kan hujjar ra'ayina. Saiwar haƙori ba ta da jijiyoyin jini a fuskarta, saboda haka ba ta iya ciyar da naman da aka ɗora mata. Facin yana rayuwa ne da jinin da yake samu daga gefensa, watau daga dasashi da ƙashin da ke tsakanin haƙori da haƙori. Wannan ne ya sa wani likita mai suna Miller, a 1985, ya kasa janyewar dasashi gida huɗu. A gida na ɗaya da na biyu, inda ƙashin tsakani yake nan lafiya, ana sa ran rufe saiwa gaba ɗaya. A gida na uku, inda ƙashin ya fara tafiya, wani sashe ne kawai zai rufu. A gida na huɗu kuwa, ba a sa ran komai. Wani sabon tsari da Cairo da abokan aikinsa suka fitar a Italiya a 2011 ya ƙara tabbatar da wannan ƙa'ida: lafiyar tsakanin haƙora ita ke yanke hukunci.

Ma'anar wannan ita ce, dashen yana yi wa irin mutanen Norwe aiki, ba ya yi wa irin leburorin Siri Lanka. Abokina malami, wanda dirza ce ta ci dasashinsa, yana cikin masu sa'a. Amma dattijon da ya zo daga ƙauye haƙoransa suna girgiɗi, ko matar da dasashinta yake jini shekara da shekaru tana cewa haihuwa ce, ko da an kai su asibiti mafi girma a duniya ba za a iya mayar musu da abin da ya tafi ba. Iyakar abin da za a yi shi ne a tsayar da cutar inda ta kai.

Hujja ta biyu ita ce dashe ba ya gyara hali. Wanda aka yi wa faci ya koma dirza da busasshen icce, facin ma zai bi sahun na farko. Shi ya sa likitan kirki ba ya ɗaukar wuƙa sai ya ga hannun majiyyaci ya sauya. Sau da yawa ma, idan hannun ya sauya, janyewar takan tsaya, zogin ya lafa da taimakon man goge baki na musamman ko wani shafe da likita yake yi, har a ga babu bukatar tiyatar.

Hujja ta uku ita ce nisa da tsada. Nijeriya tana da mutane fiye da miliyan 200, likitocin haƙorinta kuwa 'yan dubbai ne ƙalilan, mafi yawansu a manyan birane, kuma ƙwararru a fannin dasashi kaɗan ne daga cikin kaɗan ɗin. Birnin Kudu ta yi sa'ar samun Cibiyar Lafiya ta Tarayya tun shekarar 2000, amma tsakaninta da Kano, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Tsangayar Koyon Aikin Haƙori ta Jami'ar Bayero suke, akwai tafiyar fiye da kilomita 100, mutumin Gwaram kuwa tasa ta fi haka. Aikin kuma ba na zuwa ɗaya ba ne. Manomin da zai bar gonarsa ya yi wannan zirga-zirga sau huɗu ko biyar saboda haƙori ɗaya, yawanci zai gwammace a cire haƙorin ya huta.

Wani zai ce, to ai ke nan maganar dashe maganar masu hali ce, mu da muke fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ina ruwanmu da dasashi? Ban yarda da wannan ba. Wanda ya rasa turamensa yana ɗan shekara hamsin ya rasa nama da gyaɗa da ɗanyen ganye, sai koko da fura, kuma jikinsa zai nuna. Ga yaro ƙarami mai tamowa kuwa, dasashi mai jini da wari yana iya zama mafarin ciwon noma, wanda cikin 'yan kwanaki yake cinye kumatu da leɓe. Saboda wannan ciwo aka kafa asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, inda ake yanko nama daga wasu sassan jiki ana gina wa yara fuska, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta. Idan aka kama shi tun yana dasashi, tsabtar baki da maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki sun isa. Saboda haka muna bukatar ƙwararrun likitocin dasashi, kuma ina fatan wasu daga cikin masu karanta wannan mujalla su ne za su zama su. Abin da nake cewa shi ne kada mu bari jama'a su taru a ƙofarsu da abin da makaranta za ta iya hanawa.

Abin da Ya Kamata Mu Yi

Ga ɗalibi, aikin yana farawa da madubi. Ɗaga leɓenka ka duba fiƙoƙi da haƙoran da ke bayansu. Idan ka ga wani ya fi ɗan'uwansa na ɗaya gefen tsawo, ko ka ga wani rawaya-rawaya a wuyansa, ko farcenka ya ji ɗan kwari a wurin, janyewa ta fara. Idan kuma kana ganin jini a aswakinka ko a tofinka, wannan kumburi ne, kuma maganinsa a ci gaba da share wurin a hankali kullum. Gudun wurin ƙara masa ƙarfi yake yi. In ya wuce mako biyu bai daina ba, a je asibiti.

Game da aswaki, a zaɓi ɗanye, ko a jiƙa busasshe a ruwa mai tsabta. A tauna bakinsa har ya baje ya yi laushi, a kuma datse tsohon bakin kullum. A riƙe shi da 'yan yatsu kamar alƙalami, a riƙa sharowa daga dasashi zuwa bakin haƙori, haƙori bayan haƙori, har turamen baya da wajen harshe. Minti biyu zuwa biyar sun isa, sa'an nan a ajiye shi. Mai buroshi ya sayi mai laushi, ya karkata gashinsa zuwa wuyan haƙori, ya yi 'yan ƙananan motsi na minti biyu, safe da kuma kafin barci, da makilin mai sinadarin fulorayid. Idan gashin buroshinka ya baje kamar tsohuwar tsintsiya kafin wata uku, hannunka ya yi nauyi. A bar gawayi da toka. A kuma daina ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, domin ƙona shi take yi.

Ga malamai, musamman na kimiyyar halittu da na kiwon lafiya, ina ba da shawarar a fitar da wannan darasi daga allo. A sa ɗalibai su zo da aswakinsu da buroshinsu, kowa ya nuna yadda yake yi, a gyara masa riƙo kamar yadda ake gyara wa ɗan aji ɗaya riƙon fensir. A makarantun kwana, irin su Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, duban tsabta na safe zai iya haɗawa da duban dasashi. Ƙungiyar kimiyya ta makaranta za ta iya ɗaukar ranar 20 ga Maris, Ranar Lafiyar Baki ta Duniya, ta ƙirga yawan ɗaliban da dasashinsu yake jini, ta koyar da su, ta sake ƙirgawa bayan mako uku. Wannan bincike ne na gaske, ba ya bukatar ɗakin gwaji, kuma sakamakonsa zai shiga kan ɗalibai fiye da kowace lacca. Malaman Islamiyya ma suna da rawar takawa, tunda su ne suke kwaɗaitar da yara yin aswaki. Su haɗa da koyar da yadda ake yin sa.

Ga hukumomin lafiya na Jihar Jigawa kuwa, abin da ya fi gaggawa shi ne a kusantar da kankarar tsatsa ga jama'a. Aiki ne da ƙaramin ma'aikacin haƙori da aka horar yake iya yi, kayansa ba su da tsada idan aka kwatanta da na tiyata, kuma shi ne yake tare cutar kafin ta ci ƙashi. Ya kamata a same shi a kowane babban asibiti, a kuma riƙa kai shi makarantu lokaci-lokaci. Tunda akwai kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma a Birnin Kudu, a tabbatar duk wanda ya fito daga cikinta ya saba ɗaga leɓen mai ciki, da mai ciwon sukari, da yaro mai tamowa, ya duba.

Kammalawa

Abokina malami bai je an yi masa dashen ba tukuna. Ya sauya riƙon aswakinsa, an kankare masa tsatsar turame, kuma a hunturun da ya wuce ya sha ruwan randa. Dasashin bai dawo ba, ba kuwa zai dawo ba, amma ya tsaya inda yake. Idan wata rana ya ci gaba da janyewa, ƙofar tiyata a buɗe take gare shi, domin ƙashin da ke tsakanin haƙoransa yana nan. Yanzu shi ne yake tsayawa a gaban ɗalibansa ranar Litinin da aswaki a hannu yana nuna musu riƙo.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗalibin da ke aji huɗu a yau, yadda yake riƙe aswakinsa a bana shi zai nuna ko zai tauna nama yana ɗan shekara sittin. Ina roƙon kowane malami da ya karanta wannan maƙala ya ware minti goma daga darasinsa na mako mai zuwa, ya ce wa ɗalibansa su fito da aswakinsu.